Sharhi: Haƙƙin wanda mota ta kaɗe a Yola da Jimeta, da yadda yake salwanta tun kafin a je kotu

A ranar Litinin 21 ga Afrilun 2025, wata babbar mota ɗauke da hatsi da ta taso daga jihar Adamawa ta afka cikin jerin gwanon mabiya addinin Kirista da ke bikin Ista a garin Billiri, kan hanyar Gombe zuwa Yola. Aƙalla mutum biyar suka rasu, wasu da dama suka jikkata, kuma dukkansu a ƙasa suke tafiya. Hukumomi sun danganta lamarin da matsalar birki. Fusatattun matasa sun cinna wa motar wuta, gwamnatin jihar Gombe kuma ta yi alƙawarin ɗaukar nauyin jinyar waɗanda suka ji rauni.

Labarin ya karaɗe ƙasa saboda yawan mutanen da abin ya rutsa da su da kuma ranar da ya faru. Amma a babban birnin jihar da motar ta fito, irin wannan haɗari yana aukuwa ɗaya-ɗaya ba tare da an ji shi a rediyo ba: ɗan makaranta da Keke Napep ta bankaɗe a Doubeli, mai talla da mota ta kwasa a bakin Kasuwar Jimeta, dattijo da tirela ta taka a hanyar Numan kusa da tashar Jambutu. Gadojin sama da sababbin titunan da aka gina a Jimeta a ƴan shekarun nan sun sauƙaƙa zirga-zirgar motoci, sai dai inda titi ya yi faɗi da santsi gudu yakan ƙaru, mai tsallakawa da ƙafa kuwa ba shi da wata garkuwa sai jikinsa.

Alƙaluman Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, sun nuna cewa a shekarar 2024 an samu haɗurra 9,570 a titunan Najeriya, mutum 5,421 suka rasu, 31,154 suka jikkata. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a tituna duk shekara a faɗin duniya, kuma fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur.

Abin da kan biyo bayan haɗari a Yola da Jimeta sananne ne. Ana kai mai rauni asibiti, dangin direba ko shugabannin tasha su zo dubiya, a biya kuɗin magani na kwana biyu ko uku, dattawa su zauna a ce ƙaddara ce, a yafe. Bayan wata shida sai a tarar ƙafar ba ta miƙe ba, sana'a ta tsaya, an sayar da gona ko keken ɗinki don a yi tiyata ta biyu. Dokokin Najeriya sun tanadar wa irin wannan mutum hanyoyi da dama na neman haƙƙinsa. Matsalar ita ce yawancin hanyoyin suna toshewa ne a kwanakin farko, lokacin da iyali ke cikin ruɗani kuma babu wanda ya nuna musu abin da ya kamata su riƙe.

Haƙƙi na farko yana asibiti

Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin ba mutum kulawar gaggawa bisa kowane dalili. Wanda ya saɓa yana iya fuskantar tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Dokar FRSC ta 2007 ita ma ta mayar da ƙin karɓar wanda ya yi haɗarin mota laifi, da tarar naira 50,000. Saboda haka rashin takardar ƴan sanda ko rashin kuɗin ajiya ba hujja ba ce ta barin mai rauni a ƙofar asibiti, na gwamnati ne ko mai zaman kansa. Lambar gaggawa ta FRSC ita ce 122, ta ƙasa baki ɗaya kuma 112.

Zuwa asibiti yana da wani amfani bayan ceton rai. Katin da aka buɗe a Asibitin Ƙwararru da ke Jimeta ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama da ke Yola, da hoton ƙashi, da rahoton likita, su ne za su tabbatar wa kotu ko kamfanin inshora ranar da aka ji raunin da kuma girmansa. Iyalai da yawa suna ɗauke mai karaya daga asibiti su kai shi wurin mai ɗori, wani lokaci saboda tsadar tiyata, wani lokaci saboda tsoron a yanke ƙafa. Duk abin da ya sa aka yi hakan, yana da sakamako a shari'a: mai ɗori ba ya ba da rahoto a rubuce, kuma idan ƙafar ta lalace lauyan ɗaya ɓangaren zai ce ɗorin ne ya lalata ta. Wanda ya ga dole sai ya tafi, ya fara karɓar hoton ƙashinsa da bayanin likita ya adana.

Shaidar da ake tarawa a bakin titi

Shari'ar haɗari da shaida ake cin ta, kuma mafi yawan shaidar tana ɓacewa cikin sa'o'i kaɗan. Lambar motar ita ce kan gaba, domin da ita ake gano mai motar da kamfanin da ya yi mata inshora. Sai sunan direba da lasisinsa, da tashar da yake lodi idan motar haya ce, da sunaye da lambobin wayar mutum biyu ko uku da abin ya faru a gabansu. Hoto da bidiyon waya suna karɓuwa a kotu ƙarƙashin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011, muddin an cika sharuɗɗan da sashen ya gindaya, don haka bai kamata a goge su ko a sayar da wayar ba.

Daga nan sai a tabbatar an kai rahoto ofishin ƴan sanda mafi kusa. Sashen kula da haɗurran mota na ƴan sanda shi ke auna wurin, ya zana taswirar yadda abin ya faru, ya ɗauki bayanan shaidu, jami'an duba lafiyar motoci na VIO kuma su binciki birki da tayoyi da fitilu. Waɗannan takardu ne kamfanin inshora zai fara tambaya.

A nan ne ƙona mota ke cutar da wanda aka yi domin shi. Motar da ta zama toka ba za a iya gwada birkinta a gane ko mai ita ya yi sakaci da gyara ba, takardun da ke cikinta sun tafi, kuma hankalin jami'an tsaro yakan koma kan waɗanda suka tayar da tarzoma. Tsoron irin wannan hukunci na taron jama'a shi ne kuma yake sa direbobi da yawa tserewa maimakon su tsaya su kai mai rauni asibiti.

Shari'a biyu ce, kowace da hanyarta

Mutane da dama suna ɗauka cewa da zarar an kama direba an kai shi kotu, to maganar diyya tana tafe. A tsarin dokar Najeriya abu biyu ne daban. Shari'ar laifi gwamnati ce ke yin ta, manufarta hukunta direba. Dokar FRSC ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara bakwai ga wanda tuƙin gangancinsa ya yi sanadin mutuwa, tuƙin ganganci kawai kuma tarar naira 50,000 ko ɗaurin da bai wuce shekara biyu ba. Tarar da aka ci direba asusun gwamnati take shiga, ba aljihun mai rauni ba.

Duk da haka shari'ar laifi tana da amfani ga wanda aka kaɗe. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta tarayya ta 2015 ta ba kotu ikon umartar wanda aka samu da laifi ya biya wanda ya cutar, kuma jihar Adamawa ta yi tata dokar makamanciyarta a 2018. Sai dai alƙali ba zai san adadin abin da aka kashe ba idan ba a gabatar masa ba, don haka ya dace mai rauni ya miƙa wa mai gabatar da ƙara rasitansa tun da wuri. Haka kuma Dokar Shaida ta 2011 ta yarda a yi amfani da hukuncin da aka yanke wa direba a matsayin hujja a shari'ar neman diyya.

Ya kamata kuma a fahimci iyakar aikin ƴan sanda. Aikinsu bincike ne da gurfanarwa. Ba su da hurumin yanke adadin diyya, kuma sulhun da aka yi a ofishinsu don a saki direba ba hukuncin kotu ba ne, ko da yake takardar da aka sa wa hannu a wurin tana iya ɗaure wanda ya sa hannun daga baya.

Ƙarar neman diyya

Hanya ta biyu ita ce mai rauni ya shigar da ƙara da kansa bisa hujjar sakaci. Abu uku zai tabbatar: cewa wajibi ne a kan direban ya kula da sauran masu amfani da titi, cewa ya gaza yin hakan, kuma gazawar ce ta jawo raunin. Na farkon ba a cika jayayya a kansa ba, domin duk wanda ya riƙe sitiyari wannan nauyi yana kansa. A wasu yanayi ma yadda abin ya faru ya isa hujja, kamar motar da ta bar kwalta ta hau gefen titi ta tarar da mutum a zaune a rumfarsa. A irin wannan hali direba ne zai yi bayanin yadda aka yi haka ba tare da sakacinsa ba. Cewa birki ya tsinke ba ya wanke mai mota kai tsaye, sai ya nuna yana kula da motar yadda ya kamata.

Babbar tambaya ita ce wa za a kai ƙara. Direban tifa ko na tirela sau da yawa albashinsa na shekara bai kai kuɗin tiyata ɗaya ba. Doka ta ɗora wa uban gida alhakin sakacin yaronsa idan ya faru a bakin aikin da ya sa shi, don haka ana haɗa direba da mai motar ko kamfanin da ya ɗauke shi aiki. Batun Keke Napep, wadda ita ce babbar hanyar sufuri a cikin Jimeta da Yola, ya fi sarƙaƙiya, domin wasu matuƙan balas suke kai wa mai keke kullum, wasu kuma sun karɓe ta ne suna biya a hankali har ta zama tasu. Yanayin yarjejeniyar shi zai nuna ko mai keken yana da alhaki, kuma wannan na daga cikin abubuwan da lauya zai fara bincikawa.

Diyya iri biyu ce. Akwai ta abin da aka kashe ko aka rasa wanda ake iya ƙirgawa: kuɗin asibiti, magani, sufuri, sandar dogarawa, da kuɗin shigar da ya tsaya lokacin jinya. Wannan kotu ba ta bayar da shi da ka, sai an lissafa shi dalla-dalla an kawo hujja, shi ya sa ko rasit ɗin allurar naira 500 bai kamata a yar ba. Mai ƙaramar sana'a da ba ya da takardar albashi yana iya kawo littafin cinikinsa, ko bayanan asusunsa na banki, ko abokan sana'a su shaida abin da yake samu. Sai kuma diyyar da alƙali ke ƙiyastawa: raɗaɗi da wahala, nakasa, da raguwar ƙarfin neman abinci nan gaba. A shari'ar kamfanin C & C Construction da Okhai ta 2003, wadda ta shafi ma'aikacin da aka yanke wa ƙafa sakamakon haɗari a wurin aiki, Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa raɗaɗin irin wannan rauni abu ne bayyananne da ya cancanci diyya.

Idan mai tafiya a ƙasa yana da nasa laifin, misali ya faɗo titi ba tare da ya duba ba, hakan ba ya soke ƙararsa. Kotu tana raba laifin ne, ta rage diyyar gwargwadon rabonsa. Yara ƙanana kuwa ba a auna su da ma'aunin manya, kuma ana sa ran direba ya rage gudu kusa da makaranta, kasuwa da wuraren ibada. Babbar Kotun Jihar Adamawa tana da hurumin sauraron irin wannan ƙara komai yawan kuɗin da ake nema, ƙananan kotuna kuma suna da iyakar adadin da za su iya bayarwa.

Inshorar da aka yi domin mai tafiya a ƙasa

Kowace mota da ke hawa titi a Najeriya doka ta wajabta mata inshorar da ake kira ta mutum na uku. Mutum na farko shi ne mai mota, na biyu kamfanin inshora, na ukun kuwa shi ne duk wanda motar ta cutar, kuma mai tafiya a ƙasa yana sahun gaba. Wannan wajibci ya samo asali ne daga dokar 1945. Mafi yawan direbobi suna kallon takardar a matsayin abin nuna wa jami'ai a shingen bincike, alhali an ƙirƙiro ta ne domin kada talaucin direba ya hana wanda ya raunata samun diyya.

Daga 1 ga Janairun 2023, Hukumar Kula da Harkokin Inshora ta Ƙasa, NAICOM, ta ƙara kuɗin wannan inshora ga motocin gida daga naira 5,000 zuwa 15,000 a shekara, ta kuma ɗaga abin da ake biya kan ɓarnar dukiya daga naira miliyan ɗaya zuwa miliyan uku. Keke Napep tana biyan naira 5,000. Abin lura shi ne iyakar miliyan ukun ta shafi dukiya ce kawai. Rauni da asarar rai ba a yanka musu wannan iyaka ba, adadinsu ya dogara ne da abin da aka daidaita a kai ko abin da kotu ta yanke. Rundunar ƴan sanda ta ƙasa ta fara tilasta mallakar wannan inshora a duk faɗin ƙasa daga 1 ga Fabrairun 2025.

Cikas ɗin shi ne takardun jabu da ake sayarwa a kusa da ofisoshin lasisi. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta Najeriya tana da rumbun bayanai da ake kira NIID, inda kowa zai iya duba lambar mota ta waya ta hanyar danna *565*11# ya ga ko inshorarta ta gaskiya ce. Iyalin mai rauni suna iya yin wannan tun suna asibiti. Idan ta tabbata, sai a rubuta wa kamfanin takarda a sanar da shi haɗarin, a haɗa da rahoton ƴan sanda da na likita. Sanar da kamfani a kan lokaci, musamman idan za a je kotu, sharaɗi ne da dokokin inshora suka daɗe suna gindayawa, kuma sakaci da shi yana iya ba kamfanin ƙofar zillewa. Kamfanin da ya yi ta jan ƙafa ana iya kai ƙorafinsa ga NAICOM, wadda ke da sashen karɓar koke-koke.

Akwai wani abu da masu sulhu ba su cika lura da shi ba. Idan motar tana da inshora ta gaskiya, kuɗin diyya daga kamfanin zai fito, wanda tuni ya karɓi kuɗinsa na shekara. A irin wannan yanayi, iyalin da suka yafe don tausayin direba talaka, wanda ya fi cin moriyar yafiyarsu shi ne kamfanin inshora.

Idan direba ya gudu ko motar ba ta da inshora

Dokar Inshora ta 2003 ta tanadi cewa a yi amfani da wani asusu da ke ƙarƙashin NAICOM wajen biyan waɗanda direban da ba a gano ba ko marar inshora ya kashe ko ya nakasa, amma tanadin bai shahara a tsakanin jama'a ba. Sabuwar dokar gyaran harkar inshora da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa wa hannu a 2025, wadda ta maye gurbin dokar 2003 da tsohuwar dokar inshorar motoci, ta kafa asusu na musamman domin biyan diyya ga waɗanda haɗarin mota ya rutsa da su a irin wannan hali.

Wasu ƙasashe sun daɗe da irin wannan tsari. Birtaniya ta kafa nata tun 1946, da kuɗin da kamfanonin inshorar motoci ke zubawa. Afirka ta Kudu tana tara kuɗin asusunta ne daga harajin da ke kan man fetur. Indiya kuwa daga Afrilun 2022 tana biyan rupi 200,000 ga iyalin wanda direba ya kashe ya gudu, da 50,000 ga wanda ya ji mummunan rauni. Darasin da ke cikin waɗannan misalai shi ne asusu yana amfani ne idan akwai sanannen ofishi, da takardar cikewa, da wa'adin biya. Ga mutumin Yelwa ko Wuro Hausa, asusun da sai an je Abuja kafin a san yadda ake nemansa da sauran aiki a gabansa. A nan ma rahoton ƴan sanda shi ne mabuɗi, domin shi kaɗai zai tabbatar da cewa mota ce ta yi ɓarnar kuma ba a gano direbanta ba.

Ma'aikaci yana da wata ƙofar. Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke gudanarwa, ta haɗa da haɗarin da ya samu ma'aikaci a hanyarsa tsakanin gida da wurin aiki. Dokar ta ce ya sanar da wurin aikinsa cikin kwana 14, ya kuma nemi diyya cikin shekara ɗaya. Da yake dokar tana iya sa mutum ya zaɓa tsakanin karɓar wannan diyya da kai direba ƙara, ya dace ya nemi shawarar lauya kafin ya sa hannu a kan komai.

Wa'adin da ke kashe ƙara

Kowace ƙarar neman diyya tana da wa'adin da doka ta yanka mata, wanda idan ya wuce kotu ba za ta saurare ta ba komai ƙarfin hujja. Mafi tsanani shi ne wanda ya shafi motocin gwamnati. Dokar Kare Jami'an Gwamnati ta ba da wata uku kacal daga ranar da abin ya faru, kuma a shari'ar Ibrahim da Hukumar Kula da Ma'aikatan Shari'a ta jihar Kaduna ta 1998, Kotun Ƙoli ta ce kariyar ta haɗa da hukumomin gwamnati su kansu. Wasu hukumomin ma dokar da ta kafa su ta buƙaci a ba su sanarwa a rubuce kafin a kai su kotu. Kotuna sun yarda da wasu togace-togace, misali idan jami'in ya aikata abin ne ba a bakin aikinsa ba, amma dogaro da su kasada ce.

A birni kamar Yola, mai cike da ma'aikatu da ayarin motocin jami'ai, wannan batu ba ƙarami ba ne. Mutumin da ke kwance da karaya a cinya yana iya cinye wata ukun a gadon asibiti yana jiran alƙawarin da aka yi masa da baki. Alƙawarin baki ba ya tsayar da wa'adi, kuma wanda ya farga a wata na huɗu ya yi ihu bayan hari.

Idan an rasa rai: diyya da yafiya

Idan wanda aka kaɗe ya rasu, iyalinsa suna da damar neman diyya ƙarƙashin dokar haɗurran da suka jawo mutuwa, wadda jihohin Arewa suka gada daga tsohuwar Jihar Arewa. Dokar ta yi la'akari da addini da al'ada wajen fayyace su wane ne iyali, kuma game da Musulmi ta koma ne ga waɗanda ke da rabo a diyyar kisan kuskure. Da yake akan gaggauta jana'iza, yana da muhimmanci wani daga cikin dangi ya tabbatar an karɓi takardar shaidar mutuwa daga likita, wadda ta bayyana sanadin rasuwar.

Akwai masu ganin cewa karɓar kuɗi a kan mamaci rashin tawakkali ne. Shari'ar Musulunci ba ta ɗauke shi haka ba. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta wajabta diyya a kisan kuskure, ta kuma bar wa iyalin mamaci zaɓin yafewa a matsayin sadaka. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Yola sun ƙayyade ta da raƙuma 100 ko dinari 1,000 na zinariya, sun kuma yi bayanin diyyar gaɓoɓi. Tsarin da ke ɗora biyan a kan dangin wanda ya yi kuskuren, domin kada nauyin ya danne mutum ɗaya, yana da kama da hikimar da ke cikin inshora.

Yafiya alheri ce, amma haƙƙin mai haƙƙi ce. Diyya dukiyar magada ce, kuma malamai sun yi bayani cewa waliyyi ba shi da ikon kyautar da dukiyar maraya. Baffan da ya miƙe a zaman makoki ya ce an yafe, yana iya yafe nasa rabon idan yana da shi, amma rabon matar mamaci da na ƙananan ƴaƴansa ba nasa ba ne. Su ne za su rayu da rashin, su ne kuma ba a cika tambayar ra'ayinsu ba.

Sulhu ba laifi ba ne, kotuna ma suna ƙarfafa shi, domin shari'a tana cin lokaci da kuɗi. Sulhu mai kyau shi ne wanda aka yi bayan likita ya faɗi inda raunin zai tsaya, aka rubuta shi da shaidu, aka sa kamfanin inshora a ciki, aka kuma fayyace ko kuɗin da aka bayar na jinya ne kawai ko na rufe magana gaba ɗaya. Karɓar taimakon jinya daga direba ba ya hana neman sauran haƙƙi, sai idan an sa hannu a takardar da ta ce an rufe magana. Wanda bai iya karatu ba ya nemi wanda ya amince da shi ya karanta masa kafin ya dangwala yatsa. Idan yaro ne ya ji raunin, ya fi aminci a kai yarjejeniyar gaban alƙali ya tabbatar da ita.

Wanda ba shi da kuɗin lauya

Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta Ƙasa tana da ofishi a kowace jiha, har da Adamawa. Dokarta ta 2011 ta ambaci ƙararrakin neman diyyar haɗari a cikin ayyukan da take yi kyauta ga wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi na ƙasa ba, wanda ya koma naira 70,000 a 2024. Reshen Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya da ke Yola da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA su ma wurare ne da ake neman shawara. Wasu lauyoyi suna karɓar irin wannan ƙara bisa sharaɗin a biya su wani kaso idan an yi nasara, kuma irin wannan yarjejeniya ya kamata ta kasance a rubuce.

Sauran aikin yana wuyan hukumomi. FRSC da ƴan sanda su ne ke fara isa wurin haɗari, kuma ba zai ci musu komai ba su miƙa wa iyalin mai rauni takarda guda da Hausa da Fulfulde, ɗauke da lambar motar, sunan kamfanin inshorarta da inda za a je neman taimako. Asibitocin gwamnati suna iya sauƙaƙa bayar da rahoton likita ga waɗanda suka yi haɗari. Ƙungiyoyin direbobi da na masu Keke Napep, waɗanda ke sayar wa mambobinsu tikiti kullum, suna da hanyar tabbatar da cewa kowace keke tana da inshora ta gaskiya. Gwamnatin jiha kuma, bayan gadojin motoci, tana da sauran aikin samar da wuraren tsallakawa da hanyoyin masu ƙafa a gaban makarantu da kasuwanni.

Kafin a kai ga haka, abin da ke hannun iyali shi ne abin da za su iya yi a makon farko: su riƙe lambar motar, su tabbatar an rubuta rahoto, su adana kowace takardar asibiti, su duba inshorar, su kuma ga lauya kafin su sa hannu a kan sulhu. Wanda ya yi waɗannan, ko daga baya ya zaɓi ya yafe, zai yafe ne yana sane da abin da ya bari.